Ba a Fidda Iri a Bayan Idon Manomi

Martani ga mai cewa a bar wa masana aikinsu

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa ya fitar kwanan baya a kan sabbin irin masara masu jure fari. Daga rubutunsa ka san ya sha karatun noma. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne, al'adar nan ta gayyato manoma su sa baki a aikin fidda sabon iri ɓata lokaci ce da ɓarnar kuɗi. Ya kafa hujja da abu huɗu. Na farko, fidda iri ilimi ne mai zurfi na ƙwayoyin halitta da lissafi, manomin da bai shiga aji ba ba shi da ta cewa a ciki. Na biyu, yanayi yana sauyawa da gaggawa, ba mu da shekarun da za mu ɓata muna zagaya ƙauyuka neman ra'ayi. Na uku, abin da ake kira shigar da manoma wasan kwaikwayo ne da ake shirya wa masu ba da tallafi, a ɗauki hoto a watse. Na huɗu, tunda ga irin TELA da sauran iri masu aure sun samu, abin da ya rage kawai gwamnati ta saya ta raba.

Daga Gidan Dare a birnin Sakkwato nake rubuta wannan martani, wato daga gaɓar da masara ke rayuwa da ruwan sama da ƙyar. A irin wannan wuri ne raunin maganar marubucin, wanda zan kira Malam, ya fi fitowa fili. Hujjarsa ta uku tana da ƙamshin gaskiya, zan kuma dawo kanta. Sauran ukun kuwa, tarihin masarar kanta a ƙasar Hausa bai goyi bayansu ba.

Wane farin ake nufi?

Mu fara da ba masana haƙƙinsu. Akwai lokacin da ƙishirwa ke yi wa masara illar da ba ta gyaruwa, shi ne makonnin fitar fure da gemu. Furen da ke ƙolin kara shi ke zubo ƙurar da ke barbarar gemun da ke jikin goyo, kuma kowane silin gemu ƙwaya guda yake haifarwa. In ruwa ya yanke a wannan lokaci, furen sama yakan fito a kan kari, gemu kuwa ya makara. Kafin ya leƙo, ƙurar ta ƙare. Abin da ake girba shi ne totuwa mai giɓi, ko kara tsaye ba goyo. Masanan cibiyar CIMMYT ta ƙasar Meksiko sun gano cewa in aka riƙa zaɓen tsirran da gemunsu ba ya makara ko da suna cikin ƙishi, ana samun zuriyar da ke cika totuwa a shekarar fari. Don a gane irin waɗannan tsirrai, sai a shuka ɗaruruwan layuka da rani, a yi musu ban-ruwa, a janye ruwan da gangan gab da fure. Cibiyar IITA ta Ibadan tana yin haka a Ikenne ta jihar Ogun. Tana gwada juriyar ɗaukewar damina a Bagauda, da juriyar zafi haɗe da ƙishi a Kadawa, duka a jihar Kano, ta kuma zuba ƙwayar wuta-wuta da hannu a gonakin gwaji na Mokwa da Abuja. Aikin irin su Baffour Badu-Apraku da Abebe Menkir, tare da takwarorinsu na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, shi ya ba mu masarar da ke nuna cikin kwana 90 zuwa 95, da wadda ke nuna cikin kwana 80 zuwa 85. Babu manomin da zai iya wannan a gonarsa, kuma ba wanda ya ce a miƙa masa shi. A nan Malam yana faɗa ne da maganar da ba a yi ba.

Tambayar da ya tsallake ita ce: wane farin? A ƙasar Sakkwato fari ba guda ba ne. Akwai na farkon damina: ruwan shuka ya sauka a Yuni, a shuka, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone a cikin yashi mai zafi. Akwai na tsakiya, wanda ke riskar masara tana fure. Akwai na ƙarshe, inda ruwa ke ɗaukewa a Satumba ƙwaya ba ta gama cika ba. Kowanne da maganinsa. Na farko yana son iri mai ƙarfin tsiro, na biyu yana son mai saurin gemu, na uku yana son mai gajeren kwana da zai tsere kafin rani ya kama shi. Kuma ba a samun ɗaya sai an sallama wani abu. Iri mai kwana 80 zai tsira a muguwar shekara, amma a shekarar albarka mai kwana 110 zai fi shi cika rumbu.

To, wa zai yanke hukuncin yawan amfanin da za a sadaukar don a sayi kwanciyar hankali? Na'urar ɗakin bincike ba ta da amsar wannan. Amsar tana wurin wanda iyalinsa za su kwana da yunwa in cacar ta ƙi. Mai gonar kadada hamsin da ke da kuɗi a banki zai iya jure asarar shekara ɗaya cikin biyar. Mai 'yar gayauna ba zai iya ba. Kakanninsa sun ga yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, iyayensa sun ga farin 1973, wataƙila shi kansa ya ga na 1984. Lissafinsa na kauce wa halaka ne, kuma lissafi ne mai hankali.

Sai kuma maganar zafi da ƙasa. Zariya tana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, Sakkwato kuwa tsakanin 600 da 700, a kan jigawar da ba ta riƙe laima. A 2011 David Lobell da abokan aikinsa sun tattara sakamakon gwaje-gwajen masara fiye da 20,000 da aka yi a Afirka, suka gano cewa duk ƙarin digiri guda na yini guda a sama da digiri 30 yana rage amfani da kimanin kashi 1 cikin 100 in akwai wadatar ruwa, da kimanin kashi 1.7 in ana fari. Mu kuwa a nan zafin bazara yana haura digiri 40, kuma mai noman rani da ya makara da shuka a cikin wannan zafi masararsa ke fure. Manomin fadama shi ma da nasa tashin hankali: wanda ke fargabar ƙishi a Yuni shi ne ke fargabar ambaliya a Satumba, kamar ta 2010 da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Irin da ya zo na ɗaya a gonar gwaji mai taki da feshi da noma a kan kari yana iya zuwa na biyar a gonar da ba ta ga buhun taki ba. Masana da kansu sun san da wannan juyin matsayi, sun rubuta shi a littattafansu. Hanyar gane shi guda ce: a kai irin gonar manomi, ya noma shi yadda yake noma nasa.

Darasin Funtuwa da na Bakolori

Dattawa za su tuna lokacin da masara a ƙasar Hausa abar bayan gida ce, ana shuka ta inda toka da kashin dabbobi suka taru, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Abin ya sauya ne daga 1975, da aka buɗe shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa, Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Suka zo da hanyoyin karkara, da taki mai rahusa, da malaman gona, da irin TZB na IITA. Cikin 'yan shekaru masara ta mamaye kudancin Katsina da arewacin Kaduna. Malam zai ce, ai ga shi nan, masana sun fitar, gwamnati ta raba, an karɓa. Amma me ya sa aka karɓa? TZB fara ce, garinta yana yin tuwon da Bahaushe zai ci ya ciyar da baƙo, ɗan kasuwa kuma yana saye. Ta dace da tukunya da kasuwa da gona a lokaci guda, ga takin da ke ɗaukar nauyinta. Dacewa aka yi. Yau da farashin taki ya gagari talaka, wuta-wuta ta cika gonakin da aka gajiyar, bai kamata mu zauna muna jiran sa'a ta sake maimaita kanta ba.

Ɗaya darasin ya fi kusa da mu, ya kuma fi ɗaci. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya gina. Injiniyoyin sun san aikinsu. Abin da ba a yi ba shi ne tambayar masu ƙasar. Waɗanda ruwa ya cinye gonakinsu suka yi ta kukan diyya. Waɗanda ke cikin filin ban-ruwa aka tsara musu abin da za su shuka da lokacin shukawa. Masu fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar shekara-shekara da shinkafarsu ta dogara da ita. Da manoma suka tare hanyoyi, a Afrilun 1980 aka tura 'yan sanda, aka zubar da jini. Ba ina cewa fidda iri zai kai ga haka ba. Ina cewa tunanin da ya haifi Bakolori, wato mu muka sani, ku naku karɓa, shi ne tunanin da ke cikin maƙalar Malam. Duk ɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara yana da dalilin yin taka-tsantsan da shi.

An gwada, an gani

Da'awar cewa manomi ba shi da idon zaɓen iri ba ra'ayi ba ce da za a tsaya ana musu a kai, domin an auna ta. A ƙarshen shekarun 1980 a Ruwanda, Louise Sperling da abokan aikinta sun gayyato matan da aka sani da gwanintar wake zuwa tashar bincike, suka duba layukan gwaji, suka zaɓi waɗanda za su kai gida. Da aka kwatanta, abin da matan suka zaɓa ya fi yawan yin nasara a gonakinsu a kan abin da masana suka zaɓa musu. A ƙarshen shekarun 1990 Salvatore Ceccarelli na cibiyar ICARDA ya yi makamancin haka da sha'ir a ƙauyukan Siriya masu ƙarancin ruwa, ya tarar manoma sun iya tsamo iri mai kyau daga cikin layuka masu yawa a gonakinsu, kuma abin da ya yi fice a tashar bincike sau da yawa ba shi ke fice a busasshen ƙauye ba.

A kan masarar kanta, Marianne Bänziger ta CIMMYT a Zimbabuwe ta ɗauki tsarin da Sieglinde Snapp ta fara a Malawi. Ana kafa babbar gonar gwaji guda a tsakiyar yanki mai ɗauke da dukkan irin da ake son aunawa, sannan a ba manoman kewaye iri uku ko huɗu kowanne, su shuka a gonakinsu da hannunsu. Masani yana samun alƙaluma daga gonaki barkatai, manomi yana ganin abin da idonsa. Wannan tsari ya shiga cikin babban shirin masara mai jure fari na Afirka da CIMMYT da IITA suka gudanar tsakanin 2007 da 2015 a ƙasashe 13, har da Nijeriya. Ashe irin da Malam ke alfahari da su, da yawansu ta hannun manoma suka bi kafin su sami suna.

Ba sai mun je nesa ba ma. A Maraɗi, ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya ta yi shekaru tana aiki da cibiyar INRAN ta Nijar da ICRISAT wajen gwada irin gero da zaɓensa da yaɗa shi, maza da mata. Hausawa ne irinmu, jigawarsu irin tamu, ruwansu bai kai namu ba. In sun iya, ban ga abin da zai hana manomin Kware ko Wamakko ba.

Ina lokacin yake ɓacewa?

Malam ya ce ba mu da lokaci. Na yarda yanayi ba ya jira. Amma a duba inda shekarun ke salwanta. Lambar irin SAMMAZ da cibiyar Samaru ke fitarwa ta haura 70. A cikinsu akwai SAMMAZ 15 mai jure wuta-wuta da aka saki a 2008, da SAMMAZ 27 mai saurin nuna da jure fari da wuta-wuta da aka saki a 2009. Bari Malam ya shiga kasuwar ƙauye a jihar nan ya tambayi manoma goma su lissafa masa uku daga cikin saba'in ɗin. Binciken da Tesfamicheal Wossen da abokansa na IITA suka wallafa a 2017 ya nuna cewa manoman Nijeriya da suka karɓi iri mai jure fari sun sami ƙarin amfani na kimanin kashi 13 cikin 100, haɗarin asara kuma ya ragu ƙwarai. Wato irin suna da kyau. Ciwon shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da kwamitin sakin iri ya sa hannu a Ibadan da ranar da ƙwaya ta faɗa rami a Gwadabawa.

Shigar da manomi tun farko yana gajarta wannan tazara ne. Wanda ya gwada iri shekara biyu a gonarsa, ranar da aka sake shi yana da shi a rumbu, maƙwabtansa sun gani, surukinsa ya roƙi kwano guda. Gani ya kori ji. Haka geron SOSAT, wanda cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta saki a 2000, ya zama suna sananne a bakin manoma: hannu da hannu, gona da gona. Kuma irin da manoma za su ƙi, gara a san haka a shekara ta uku ta aiki da a sani bayan an kashe shekara takwas an buga takardar saki. Ƙa'idar sakin iri a Nijeriya ma ta tanadi gwaji a gonakin manoma kafin a yi rajista. Abin da nake nema shi ne a mai da wannan sharaɗi aiki na gaske, a kuma matso da shi farkon tafiya.

Hukuncin tukunya

Akwai alƙalan da maƙalar Malam ba ta ambata ko sau ɗaya ba, su ne mata. Duk wanda ya tsaya a bakin injin niƙa a Gidan Dare da hantsi zai ga masara ta shiga abincin birnin da aka sani da gero da shinkafa. Zai kuma ji sharhin da ba a rubutawa a rahoton bincike. Wannan tana da tauri, injin yana wahala da ita. Waccan in an surfa rabinta dusa ce. Wannan garinta yana da auki. Waccan tuwonta ba ya kwana, da safe ya saki ruwa. Wata ta fi kyau da koko, wata da dambu. Mai gasawa a bakin titi tana son doguwar totuwa mai zaƙi da ke fitowa da wuri, lokacin da kuɗinta ke da tsada. Mai kiwon kaji yana son ja. Mai tuwo tana son fara.

A gona ma haka. Manomi yana duba ko ɓawo ya rufe bakin totuwa, don in ya bar ta a buɗe tsuntsu da ƙwari da ruwa za su shiga. Yana duba ko kara yana tsayuwa in iska ta taso. Yana duba ko ganyen yana nan kore bayan girbi, domin mai tumaki da shanu karan ma amfani ne. Yana duba ko za ta bar wa wake wuri in an haɗa su. Bayan wata huɗu yana duba ko ƙwari sun mai da ita gari a rumbu. Ma'aunin masani buhu nawa a kadada. Ma'aunin gida kwano nawa na gari ya rage a watan Yuli. Iri yana iya cin jarrabawar farko ya faɗi ta biyu. Magini ya fi mai gida sanin gini nesa ba kusa ba, amma ba ya aza tubali sai ya ji ɗaki nawa ake so da inda ƙofa za ta kalla.

Inda Malam ya yi gaskiya

Wasan kwaikwayon da ya ambata yana faruwa, kowa ya sani. A kafa rumfa, a zo da manyan baƙi, a tara manoma, a zagaya da su gonar da aka ƙosar da taki, a ce su ɗaga hannu ga irin da suka fi so, a raba lemo da kuɗin mota. Mai unguwa ya nuna layi na uku, kowa ya nuna layi na uku. Mata suna can gefe ko ba su zo ba sam. A rubuta cewa manoma sun zaɓa. Wannan ba shawara ba ce, shaidar zur ce.

Sai dai maganin jabu shi ne a kawo na gaske. Shigar da manomi ta gaskiya tana da alamomi. Ana tambayarsa kafin a fara haɗa iri, a ji wace matsala ce ta fi damunsa. Ana ba shi iri ya noma a gonarsa da ƙarfinsa, kusa da nasa na gado don a kwatanta. Ana ɓoye sunayen irin, a sa musu alama kawai, don kada sunan kamfani ko kwarjinin jami'i ya rinjaye shi. Ana jin ra'ayin kowa shi kaɗai, mata daban, maza daban, mai ƙaramin ƙarfi daban. Ana dawowa bayan girbi a yi surfe da niƙa da tuƙi, a kuma dawo bayan watanni a buɗe rumbu. Babbar alama kuwa ita ce, in manoma sun ƙi iri, a ajiye shi ko da masani yana ƙaunarsa. Duk shirin da ba a taɓa jefar da iri a cikinsa saboda ƙin manoma ba, to hoto ake ɗauka.

Maganar TELA da rabon iri

A Janairun 2024 aka amince da sakin irin TELA, wato SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T, aikin cibiyar Samaru ƙarƙashin jagorancin Farfesa Rabiu Adamu tare da gidauniyar AATF. An sauya musu ƙwayoyin halitta don su kare kansu daga tsutsa, musamman wadda ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, an kuma gina su a kan masara mai jure fari. Ba zan shiga muhawarar halacci ko haɗarin irin wannan fasaha a nan ba, fage ne mai zaman kansa. Amma ƙurar da ta tashi bayan sakinsu, da jita-jitar da ta cika wayoyin mutane, hujja ce a kan Malam. Jama'ar da aka saba yi wa abu a bayan idonsu ba sa yarda don an ce musu masana sun tabbatar. Da ɗan gari akan ci gari.

Ban da haka, waɗannan iri ne masu aure, wato 'ya'yan iyaye biyu da aka haɗa da gangan. In manomi ya ajiye daga abin da ya girba ya sake shukawa, ƙarfinsu yana raguwa, dole ya koma kanti kowace shekara. Ga manomin Saminaka ko Funtuwa mai sayar da buhu ɗari, cinikin yana iya biya. Ga wanda ke nesa da dillalin iri na kirki, wanda kuɗinsa ke ƙarewa kafin ruwa ya sauka, iri marar aure da zai iya ajiyewa shekara biyu ko uku ya fi masa rufin asiri. Wa ya san wanne ya dace da wa, in ba a tambaya ba? Rabon gwamnati kuwa mun san halinsa: ya iso bayan an gama shuka, ko ya biyo layin siyasa, ko ya ƙare a kasuwa ana auna shi da mudu.

Abin da ya dace da Sakkwato

Akwai amsar da manomin jigawa zai iya bayarwa wadda shirin saya-ka-raba ba ya da kunnen ji, ita ce: a nan ba masara nake so ba. Jure fari ba ya nufin rayuwa ba ruwa. Duk gyaran da aka yi wa masara, ba ta kai gero haƙurin yashi da ƙishi ba. Wanda ya zuga manomin Illela ko Gada ya tuge hatsinsa ya zuba masara a tudu don an rubuta mai jure fari a jikin leda, ya cuce shi. Gurbin masara a jihar nan sananne ne: bakin fadamun Rima da Sakkwato, filayen ban-ruwa na Goronyo da Wurno, gonakin bayan gida masu taki, da kudancin jihar inda ruwa ya ɗan fi. A waɗannan wurare, iri mai kwana 80 zuwa 90 da za a gasa ko a sayar ɗanye a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, alheri ne babba.

Kayan aikin kuwa suna nan. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da gonar bincike ta tudu a Dundaye da ta fadama a Kwalkwalawa, cibiyar Samaru tana da tasha a Talata Mafara, jiha tana da hukumar bunƙasa noma da malaman gonarta. A kafa manyan gonakin gwaji a waɗannan wurare, a raba ƙananan ƙunshi ga manoman kewaye. Matsalar tsaro a gabashin jihar, irin su Isa da Sabon Birni, ta sa jami'in bincike ba ya iya zuwa ko'ina. Wannan ma dalili ne na dogara da manomi. Akwai tsarin da ake amfani da shi yanzu a ƙasashe da dama, inda ake ba kowane manomi iri uku kacal, ya faɗi wanda ya fi da wanda ya kasa ta wayar hannu, kwamfuta ta haɗa amsoshin ɗaruruwan mutane ta fitar da jeri. Inda motar cibiya ba ta shiga, ƙunshin iri yana shiga a aljihun mai gona. Waɗanda suka nuna gwaninta kuma a koya musu noman irin shukawa, da nisantar da gonar daga sauran masara don kada iska ta gauraya, a haɗa su da hukumar kula da iri ta ƙasa ta tantance.

Malam, ban nemi ka ajiye iliminka ba, ƙasar nan tana buƙatarsa fiye da kowane lokaci. Abin da nake ƙalubalantarka da shi mai sauƙi ne. Damina mai zuwa ka zaɓi iri biyar da ka fi amincewa da su, ka rubuta jerin yadda kake zaton za su zo, ka rufe a ambulan. A raba su ga manoma talatin tsakanin Dundaye da Kware ba tare da suna ba, su noma yadda suka saba, matansu su surfa su tuƙa. In jerinsu ya zo daidai da naka, ka ci gardama, kuma ka sami mutum talatin da za su yaɗa irinka kyauta. In ya saɓa, ka koyi abin da Samaru da Ibadan ba za su iya koya maka ba, tun kafin a kashe kuɗin jama'a a sayo tirela-tirelar irin da za a bari a sito. Ko ta wace fuska ka duba, ba ka da asara a tambayar mai gona.